Furar Inna da Ciwon Cikina

Ni ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Danginta makiyaya ne na wajen garin Babban Mutum, kuma a wurinsu uwa ba ta hira da ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda a ga tana kallonsa. Ina yaro, idan za ta aike ni sai ta ce da duk wanda ke kusa, "Ce wa wancan ya ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabanta. Da na girma na tafi Daura na koyi ɗinki, na yi aure na zauna, sai na koma "mutanen Daura". Ko ni kaɗai na zo gida, haka za ta tambayi ƙanwata, wadda duk muke kira Auta: "Mutanen Daura sun iso?"

Ban taɓa jin haushin haka ba. Abin da na tashi na tarar ke nan, kuma Inna tana da hanyar da take yi mini magana. Da fura take yi.

Ranar da ta san ina tafe, ba ta barin kowa ya taɓa geron. Ita za ta surfa, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta cura, ta dafa, ta kirɓa har ya yi laushi. Nonon na shanun ƙaninta ne, ita take kwantar da shi da hannunta. Idan na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta, takan amsa a taƙaice, ni kuma in koma ɗakin da ke kusa da zaure in zauna. Can sai in ji ludayi yana bugun ƙwarya, tana damu. Auta ce ke kawo mini. Idan ta mayar da ƙwaryar ina jin su ta katanga.

"Sun sha?"

"Sun shanye, Inna. Har ludayin sun suɗe."

"Ke dai akwai ƙarin gishiri." Sannan ta ce, "To."

Hirarmu ke nan gaba ɗaya, kuma tana isata har in sake zuwa.

Ciwon ya fara ne bayan wani zazzaɓin taifot da ya kwantar da ni. Zazzaɓin ya tafi, cikina bai koma daidai ba. Da safe ina zaune a kan keken ɗinki sai in ji ya murɗa, kamar ana matse tsumma a ƙasan cibiyata, kuma idan ya murɗa ba ya jira. Wani lokacin ya saki, in yi ta zawo har in rasa ƙarfin taka keke, wani lokacin ya ɗaure, ya kumbura, in kwance zariyar wando ina aiki. Alwala ma ta daina zama a jikina. Na koma tsayawa a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa.

Amma abin da ya fi cin raina shi ne tashin zuciya. Ba kasafai nake amai ba, da ma ina yi in huta. Zuciyar ce za ta taso ta tsaya a maƙogwaro, yawu ya cika baki, gumi mai sanyi ya keto a goshi. Warin man ƙosai daga bakin titi yana tayar da ita. Warin sabon yadi idan na ɗora masa dutsen guga yana tayar da ita. Wata rana babu komai ma, haka nan za ta taso. Mutum ya zo awon riga, ina riƙe da tef a kafaɗarsa, ina haɗiyar yawu, ina roƙon Allah ya gama surutunsa ya tafi.

Maƙwabcin shagona ɗan kabilar Ibo ne, Kirista, mai sayar da kayan gyaran babur. Ya daɗe a Daura, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Akwai banɗaki a bayan shagonsa da yake kullewa. Ya lura da yadda nake jefar da almakashi in fita da sauri ina neman gidan da za a ba ni buta. Wata rana ya shigo ya rataya mukulli a ƙusar da nake rataye tef.

"Tela, ga naka. Kada ka gode mini, kada ka yi mini bayani. Ka dai kulle idan ka fito, 'yan acaɓan nan ba su da mutunci."

Na sha magani iri-iri. Mai kemis ya ce olsa ce. Wani ya ce basir ne, ya ba ni saiwa mai ɗaci. An yi mini rubutu na sha. Daga ƙarshe na je asibiti, aka ɗebi jini, aka duba bayan gida, aka yi hoton ciki. Likitan ya ce babu gyambo, babu tsutsa, babu ƙari. Ya faɗi wani dogon suna da Turanci, da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Hanjinka ne mai saurin harzuƙa. Ba ya kisa, amma ba ya tafiya ɗungurungum. Zama da shi ake koyo." Ya ce in lura da abin da nake ci, in ga wanne ne ke tayar da shi, in rage damuwa. Na fito ina murna ba ciwon mutuwa ba ne. Ban san abin da zai ɗauke mini ba tukuna.

Matata 'yar Sandamu ce, mai haƙuri, kuma ta fi ni lura. Ita ta gano wake ba ya yi mini, da ɗanyar albasa, da yaji, da duk abin da ya sha mai. Ita ta fara dafa mini citta a ruwan zafi in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ta sa mini ɓawon lemun tsami a aljihu in riƙa shaƙa idan zuciyar ta taso. Wata safiya kuma tana kwashe kwanuka ta ce, ba ta kalle ni ba, "Maigida, nono ne ya fi komai. Duk ranar da ka sha shi, ranar ba taka ba ce."

Na sani. Na riga ta sani, ban dai so a faɗa ba.

Zuwan farko da na yi gida bayan wannan, na shanye furar kamar yadda na saba. Na ce sau ɗaya ba zai yi komai ba. Kafin la'asar ciki ya murɗa. A gidanmu makewayi yana can ƙuryar tsakar gida, bayan zana, kuma babu yadda za ka kai gare shi sai ka bi ta gaban ɗakin Inna. Na wuce da buta, na dawo. Ban jima ba na sake wucewa. A karo na gaba ta tashi daga tabarmarta ta shige ɗaki ta saki labule, don kada in ji kunya. Wannan ya fi mini ciwo da a ce ta zauna.

A hanyar komawa Daura sai da na sa aka tsayar da mota a tsakanin gonaki. Muna cunkushe, ni a can baya, sai da mutane suka sauko kafin in fita. Da na dawo direban ya leƙo ya ce, "Malam, in akwai saura ka ƙarasa, mu ba ma tsayawa sau biyu." Aka yi dariya. Wata tsohuwa ta ce a rabu da bawan Allah, lalura ce. Na sunkuyar da kai, ɓawon lemu a hancina, har muka shigo gari.

Daga nan na fara rage sha. In ɗaga ƙwaryar, in kurɓa kaɗan, in ajiye. Auta ta zo ɗauka, ta dubi ƙwaryar ta dube ni.

"Yaya, me za a ce da ita?"

"Ki ce na ƙoshi."

Na ji su ta katanga.

"Sun sha?"

"Sun ɗan taɓa, Inna. Wai sun ƙoshi."

Sai ƙarar faifai da aka rufe ƙwaryar da shi.

Inna ba ta tambayi dalili ba, sai ta shiga nemansa da kanta. Zuwa na gaba ta rage barkono. Na gaba kuma nonon bai yi tsami ba ko kaɗan. Da abin bai canza ba, sai ta sa aka sayo sukari ta zuba, ita da ke cewa sukari ɓata fura yake yi. Wata rana kuma Auta ta shigo da furar a cikin wani sabon kwano mai murfi, da cokalin ƙarfe a kan faranti. Ta ajiye ta tsaya.

"Ina ƙwaryar?" na ce.

"Ta ce ƙila mutanen birni sun daina sha a ƙwarya. Kuma ka sani, sai da ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ta dama. A tsakar gida ta yi, inda za ka hango idan ka leƙo."

Nan na gane abin da take zato. Tana ganin na zama ɗan birni, ina ƙyamar hannunta.

Na ja Auta zaure na gaya mata ba ni da lafiya, cikina ne. Ban yi mata dogon bayani ba, ita ma ƙanwata ce. Na ce ta faɗa wa Inna. Ta shiga ta faɗa, kuma da yake duk ciwon ciki da ya daɗe sunansa olsa a wurinmu, haka ta ce: "Yaya olsa gare shi."

Na ji muryar Inna ta canza, har da wani sauƙi a cikinta. "Ashe ciwo ne! Ai da an faɗa. Olsa me ya fi mata madara? Ita ke kwantar da ita. Kowa ya san wannan."

Tun daga makon, duk ranar kasuwa sai wani direba ya tsaya a ƙofar shagona ya sauke galan. Wata rana madara ce da aka tatso da safe aka tafasa, wata rana kindirmo mai kauri, da curin fura a ƙulle a leda. Daga baya na ji cewa da asuba take tafiya da ƙafa har rugar ƙaninta, don ta tsaya a kan tatsar, kada a surka da ruwa. Lokacin gwiwoyinta sun fara ciwo.

'Ya'yana sukan sha wani, amma ya fi ƙarfinsu, kuma warinsa a gida yana tayar mini da zuciya. Sai na riƙa miƙa wa maƙwabcina ya kai wa iyalinsa. Da farko yana murna. Yakan ce, "Tela, Allah ya ba ka lafiya, amma ba da sauri ba. Yarana sun fara ƙiba." Da abin ya daɗe sai ya daina wasa. Wata rana ya karɓi galan ɗin ya ajiye a ƙasa.

"Kai, gaya wa mamanka gaskiya mana. Tsohuwar nan tana wahala a banza."

"Ba a yin haka a wurinmu."

"Me ba a yi? Ni tawa idan na kira ta, sai ta tambaye ni ko na yi bayan gida yau. Da furfurata. Uwa ce fa, ita ta wanke ka."

"Ni ɗan fari ne."

"To ɗan fari ba shi da hanji?"

Na yi dariya. Yana da gaskiya a nasa lissafin. Amma ni na san abin da maganar za ta ƙunsa. In ce wa 'yar makiyaya nono yana cutar da ni, za ta ce ta yaya, ni kuma sai na faɗi abin da ɗa ba ya faɗa a gaban uwar da ko sunansa ba ta kira. Na roƙi Auta ta gyara maganar. Ta ce, "Wallahi Yaya ba da bakina ba. In je in ce mata nonon da take taka sassafe ta karɓo shi ke sa ka zawo? Ka faɗa da kanka." Idan ta kira ni a waya takan ce, "Inna ta ce a tambayi mutanen Daura, saƙo ya iso?" Ni kuma in ce ya iso, an gode, Allah ya saka da alheri.

Sai na samo wata dabara, kuma a lokacin na ɗauka hikima ce. Na lura idan cikina babu komai, mota ba ta wahalar da ni sosai. Na kuma san babu mai miƙa wa mai azumi ƙwarya. Saboda haka na mayar da zuwa gida ranar Litinin ko Alhamis, in ɗauki azumin nafila in tafi. Azumin na gaske ne, ko ruwa ba na sha. Niyyar ce dai Allah kaɗai ya san yadda ya karɓe ta.

Ranar farko Auta ta shiga ta ce, "Yau azumi suke, Inna." An riga an dama furar. Inna ta ce Allah ya karɓa, a ba yaran maƙwabta. Da abin ya zama kullum, sai ta fara alfahari da shi. Na ji tana ce wa wata baƙuwa, "Mutanen Daura sun zama malamai, ba sa zuwa sai da azumi a baki." Takan ƙulla mini fura in tafi da ita in yi buɗa-baki. Ni kuma kafin rana ta yi sanyi na tashi, wai don kada in rasa mota.

Haka muka yi shekaru. In zo da hantsi, in gaishe ta a bakin ƙofa, in zauna a ɗakin zaure, in tafi. Babu ƙarar ludayi, babu tambaya ta katanga. Na daina wucewa ta gaban ɗakinta da buta, na daina tsayar da mota, na samu sauƙin da nake nema. Ban lura ba cewa a duk tsawon lokacin nan ban sa ko loma ɗaya a bakina a gidan uwata ba, kuma ban bar mata wata hanyar da za ta yi mini magana ba.

Sai ita ma ciwo ya kama ta. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina son abinci. Aka ce ƙoda ce. Dole aka kawo ta Daura don ta riƙa ganin likita, kuma duk da ta ƙi da farko, a gidana ta sauka, ita da Auta. Matata ta gyara mata ɗaki. Inna ta shiga ta zauna a gefen katifa kamar baƙuwa, mayafinta a kanta.

Ciwon nata yana zuwa da tashin zuciya mai tsanani. Wata rana na dawo daga shago da azahar na tarar tana yunƙurin amai, babu abin da ke fita, Auta tana tura mata kofin ruwa cike tana cewa ta daure ta shanye, sannan ta kwanta. Ban san lokacin da na shiga ɗakin ba. Na karɓe kofin. Na ce a tayar da ita zaune a jingina ta da matashi, kada ta kwanta. Na buɗe taga. Na ce da matata ta sauke suyar da take yi, ta dafa citta. Na fito da ɓawon lemun da ke aljihuna na ba Auta ta riƙe mata a hanci. Da cittar ta huce na riƙa ba ta da cokali, in jira ta haɗiye, in ƙara jira, sannan in ba ta wani. Na ce ta ja numfashi ta hanci a hankali, ta sake shi ta baki.

Ban taɓa zama kusa da ita haka ba tun ina ƙarami. Da zuciyar ta kwanta, ta jingina kai da bango, idonta a rufe, ta ce da Auta, "Wa ya koya wa mutanen Daura wannan?"

Ƙofa ce ta buɗe mini, ban shiga ba. Na ce a asibiti na ji.

Ba a daɗe ba maƙwabcina ya zo dubiya tare da matarsa, sun kawo lemu da ayaba. Shi ya san abin da ba a faɗa, ita ba ta sani ba. Ta durƙusa ta gaishe da Inna da kyau, sannan da Hausarta da ba ta kai ta mijinta ba ta ce, "Mama, ke ce mai aiko nono? Mun gode, mun gode. Kowane sati Tela yana ba mu. Yarana sun girma da shi."

Mijin ya taɓa ta da gwiwar hannu, amma ta riga ta gama. Inna ta yi murmushi ta ce Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Ta tambayi ko su nawa ne. Ta yi musu godiyar ayaba. Da suka fita sai ta juya fuskarta bango. Zuwa la'asar ta ce da Auta ta haɗa kayansu, gida za ta koma, ta ji sauƙi.

Auta ta same ni a tsakar gida, idonta ya yi ja. "Ta ce ba za ta zauna tana takura wa mutane ba. Ta ce ashe ma kyautar da shi ake yi. Yaya, in ba ka shiga ba yanzu, da wannan za ta tafi."

Na shiga. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, inda na saba durƙusawa. Bayanta kawai nake gani. Na daɗe ina neman ta inda zan fara, sai na ga ashe ciwonta ya riga ya ba ni kalmomin.

"Inna, abin nan da kike ji, zuciya ta taso ta tsaya a wuya, ba ta fita ba ta koma. Shi nake ji. Kusan kullum. Ba a asibiti na koyi cittar nan ba, a jikina na koya. Ba olsa ba ce, hanjina ne. Kuma nono ne ya fi tayar da shi. Idan na sha, ba na iya zama wuri ɗaya. Kin gani ranar nan da kika saki labule. Azumin ma saboda haka ne. Ban taɓa ƙyamar hannunki ba, Inna. Babu abin da nake marmari a duniya kamar furarki."

Ba ta motsa ba. Ina jin kaji a tsakar gida, da matata tana hana yara shigowa. Can ta juyo a hankali, ta dube ni. Ba Auta ta yi wa magana ba, ni ta yi wa.

"Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin nan da na yi."

Ta yi lissafi a ranta. Na ga fuskarta tana sauyawa.

"Kana sha kana ciwo, ni kuma ina ƙara maka. Da hannuna."

"Ba ki sani ba, Inna."

"Ban sani ba," ta ce. "Ban tambaya ba." Ta goge ido da gefen mayafi. Ba ta ce me ya hana ni faɗa ba. Ta san abin da ya hana ni, shi ya hana ta.

Har yau ina juya wannan a raina. Na cire mata zargin cewa ina ƙyamarta, na ɗora mata wani nauyin a madadinsa, a lokacin da ba ta da ƙarfin ɗauka. Da na faɗa tun ranar sabon kwanon nan, da kunyar wuni ɗaya ce, ta wuce. Da ta sami shekarun da za ta nemo wani abin ta dafa mini, don na san ta, da ta nemo. Da na kwana a gidanmu, na ci, na ji su ta katanga.

Ba ta sake maganar komawa gida ba. Bayan ɗan lokaci ta gyara zama, ta ce, "To yanzu me kake iya ci?"

Na fara faɗa mata. Tuwon shinkafa da miyar kuka, in ba a sa yaji da mai da yawa ba. Farar shinkafa. Dafaffen dankali. Kunun gero tsararo, mai ruwa-ruwa, ba nono. Kaza idan dafawa aka yi ba suya ba. Duk wanda na faɗa sai ta maimaita a hankali, kamar mai ɗaukar karatu. Da na ce kunun gero sai ta tsayar da ni.

"Geron ba ya yi maka komai?"

"Ba ya yi, Inna."

"Citta fa?"

"Ita ce ma maganina."

"To ai da sauƙi," ta ce. "Bari in tashi."

Auta ta ce ita za ta dama yanzu-yanzu, akwai gero a gidan. Inna ta ce a'a, kada wanda ya taɓa, ita za ta yi da kanta idan ƙafafun sun saɓe. Ta sa aka aika gida a kawo geron rumbunta, wai na kasuwa ba shi da ƙamshi. An kawo, aka jingina buhun a bayan ƙofar ɗakinta. Kowace safiya idan na shiga gaishe ta takan ce mini jikin da sauƙi, gobe ko jibi.

Ba ta tashi ba. Kafin damina ta faɗi muka mayar da ita Babban Mutum, aka binne ta kusa da kabarin mahaifina. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.